An shiga da ita cire ƙari, ta farka babu mahaifa: wa ke da alhaki?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ƙanwata ce, shekarunta 32, ɗiyarta ɗaya. An shiga da ita tiyatar cire ƙarin mahaifa a wani asibiti nan Sakkwato, mijinta ya sa hannu a takarda, ita ko ba a nuna mata ba. Sai kwana na uku aka gaya mata an cire mahaifar gaba ɗaya. Yau kwana 20, fitsari na zubo mata dare da rana. Mi za mu yi? Daga wata mai karatu, Mabera.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah Ya ba ƙanwarki lafiya. Mu fara da zubar fitsarin, don shi ne ba ya jira.

Bututun da ke sauko da fitsari daga ƙoda yana ratsawa ƙarƙashin jijiyar jinin mahaifa, tazararsa da bakin mahaifa ba ta wuce santimita 2 ba, mafitsara kuma tana jingine da gaban mahaifar. In jini ya ɓalle, likita na gaggawar ɗaure jijiya, nan ne ake kama bututun cikin ɗinki ko a huda mafitsara. Ku kai ta wurin masu aikin yoyon fitsari, kamar Asibitin Mata da Yara na Maryam Abacha, a yi gwajin shuɗi: a cusa auduga a gabanta, a ɗura ruwa mai launi cikin mafitsara ta roba. Auduga ta yi shuɗi, hujin na mafitsara ne, kuma in ƙarami ne yakan rufe idan aka bar robar fitsari mako 4 zuwa 6. Ta jiƙe babu launi, bututun ƙoda ne, sai hoton ƙoda cikin gaggawa, domin toshewarsa na kashe ƙoda a hankali. Ciwon kwiɓi ko zazzaɓi ya zo, kada a kwana a gida.

Sai batun izini. Macen da ta kai shekara 18, tana cikin hankalinta, ita ke ba da izinin a taɓa jikinta. Shawara da maigida abu ne mai kyau, amma hannunsa ba ya maye gurbin nata matuƙar tana iya magana. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta a bayyana wa majiyyaci ciwonsa, hanyoyin magani da haɗarin kowace, da haƙƙinsa na ƙi, cikin harshen da yake ji. A 2001 Kotun Ƙoli, a shari'ar Dakta Okonkwo, ta tabbatar cewa baligi mai hankali na iya ƙin magani ko da ransa zai tafi. Takardar Turanci da aka dangwala ba tare da bayani ba, a ganinmu, ba izini ba ce.

Sai dai a yi wa likita adalci. Aikin ƙari yana zubar da jini ainun, musamman in ƙarin ya yi yawa ko mahaifa ta manne da hanji. Idan an ɗaure jijiyoyi, an ƙara jini, abin ya ƙi tsayawa, doka ta yarda a cire mahaifa don ceton rai. Abin da ba ta yarda da shi ba shi ne a buɗe ciki, a ga aikin zai yi wuya, a cire don a huta. Babu gaggawa, a rufe, ta farka, a tambaye ta. Kuma wannan haɗarin sananne ne, ya kamata a faɗa mata tun kafin a shiga. Huda mafitsara ma kan faru a hannun gwani. Sakaci shi ne ɓoyewa ko ƙin tura ta gaba.

Fayil ne zai raba gardama. Ita da kanta ta rubuta wa shugaban asibitin, a buga wa kwafinta hatimi da kwanan wata, ta nemi takardar izinin, bayanin tiyata, takardar mai ba da maganin barci (nan ake ganin hawan jini da bugun zuciya a duk tsawon aikin), yawan ledar jinin da aka ƙara, da sakamakon gwajin naman da aka cire. Idan an ce jini ya ɓalle, amma bugun zuciya bai canza ba kuma ba a ƙara ko leda ɗaya ba, akwai abin tambaya. Ku tambaya kuma ko an bar mata ƙwayayen mahaifa, don in an cire duka biyun tana buƙatar magani.

Ƙofofi biyu ne. Hukumar Likitoci ta Ƙasa, MDCN, tana karɓar ƙorafi da rantsuwar kotu. Kwamitinta ya bincika, kotun ladabtarwarta ta ja kunne, ta dakatar, ko ta soke lasisi, amma ba ta biyan diyya. Diyya sai Babbar Kotu, inda ake haɗa likita da asibitin, kuma ana buƙatar wani likitan mata ya ba da shaida. In asibitin gwamnati ne, dokar kare ma'aikatan gwamnati ta sa wa'adin wata 3 na shigar da ƙara, kun riga kun ci kwana 20. Ku ga lauya cikin makon nan. In babu hali, ku nemi Hukumar Ba da Agajin Shari'a ko ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA. Idan an kawo tayin sulhu, kada a sa hannu a komai sai lauya ya karanta, kuma a tabbata kuɗin gyaran yoyon yana ciki a rubuce.