Tambaya da Amsa: Kwamfutocin Kwaikwayo Suna Rigima a Kan Faifai Ɗaya

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina kula da ɗakin kwamfuta na wata makaranta a ƙauyenmu kusa da Ringim. Babbar kwamfutarmu tana ɗauke da kwamfutocin kwaikwayo uku (wato kwamfutocin da manhaja ke ƙirƙira a cikin kwamfuta ɗaya ta zahiri) a kan Proxmox, manhajar da ke tafiyar da su, amma da zarar ɗaya ta fara kwafe bayanai domin ajiya, sai sauran su daskare, ɗalibai su zauna jugum. Mene ne mafita?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Matsalar tana wajen faifan ajiya. Faifai mai juyawa sau 7200 a minti yana cin kusan milisakan 8 (milisakan ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na daƙiƙa) kafin ya zagayo sau ɗaya, saboda haka idan bayanan a warwatse suke, da wuya ya amsa buƙatun karantawa ko rubuta bayanai fiye da 100 a daƙiƙa, kuma kwamfutar da ke kwafe bayanai takan cinye su duka, kamar mai kura da ya jera jarkokinsa goma sha biyu a bakin famfo alhali mata suna tsaye da bokiti ɗai-ɗai.

Ka shiga saitin faifan kwamfutar kwaikwayon da ke kwafen ka yanka mata iyaka iri biyu: megabayit nawa za ta ja a daƙiƙa, da buƙatu nawa za ta aika. Ta biyun ce ta fi muhimmanci a irin faifanka, kuma ita ce aka fi mantawa da ita. QEMU, wanda Proxmox ke aiki da shi wajen tafiyar da kwamfutocin kwaikwayo, ba ya zubar da buƙatar da ta wuce iyaka, jinkirta ta yake yi har lokacinta ya zo. Kada ka matse ta sosai, domin kwafen zai ja har dare. Ni dai na fi son ka mayar da aikin kwafen bayan an tashi makaranta, sannan ka sayi SSD, wato faifan ajiya mai sauri wanda ba ya juyawa, idan hali ya samu.