Me ya kai aikin narka ƙarfe ƙauyen Taynuilt?

Malam, ka tambaya me ya sa aka kafa wurin narka ƙarfe na Bonawe, kusa da ƙauyen Taynuilt a yammacin Sukotlan, alhali ba a haƙo tama a wurin. Gawayi ne ya kai su.

A 1753 ne Richard Ford da abokan kasuwancinsa daga yankin Cumbria na Ingila suka gina shi. Narka tama yana cin gawayi fiye da kima, kuma gawayi kaya ne mai cika wuri, ga saurin dagargajewa a hanya. Sai suka ga ya fi sauƙi a ɗauko tama a jirgin ruwa zuwa gaɓar Loch Etive, wani reshen teku da ya kutsa cikin ƙasa, inda dazuzzuka suke, maimakon a yi jigilar gawayin. Ruwan kogin Awe kuma shi ke juya wata babbar ƙafa mai kama da ta keke, mai hura zugazugi.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda suke sare itace. Ba sa tumɓuke bishiya. Su sare ta daga gindi, ta sake toho, bayan shekaru a dawo. Mutanen da ke aikin sun kai wajen 600, akasarinsu masu ƙona gawayi a daji.

Har harsasan igwa an zuba a can. An rufe wurin a 1876, bayan masu narka ƙarfe da kwal sun ƙwace kasuwa. Gine-ginen suna nan, hukumar Historic Environment Scotland ke kula da su.