Amsa ga ƙanwata mai son karatun tufafi masu na'ura a Holan

Assalamu alaikum ƙanwata. Saƙonki ya iso, na kuma ji daɗin jin cewa Mama da Baba da yara duk suna lafiya.

Kin ce kin gama digirin kimiyyar kwamfuta, kin yi hidimar ƙasa, kuma tun kina ƙarama kike zama gefen keken ɗinkin Mama har kika iya yanka da surfani. Kin ga bidiyon rigar da ke auna bugun zuciya, abin ya shiga ranki, kina so ki zo Holan ki karanci yadda ake tsara fasahar da mutum ke mu'amala da ita. Kin tambaye ni abin da ake koyarwa, da yadda za ki yi da aikin rukuni tunda ke ba mai yawan magana ba ce, da kuma ko aikin da za ki riƙa yi a gefe zai biya miki kuɗin makaranta.

Bari in fara da ta ƙarshen, don amsarta gajeriya ce: ba zai biya ba. Ɗalibin da ya zo daga wajen Tarayyar Turai an yarda ya yi aiki awa 16 kawai a mako, ko kuma ya yi cikakken aiki a watannin Yuni, Yuli da Agusta, ɗaya zai zaɓa, kuma sai mai ba shi aikin ya nema masa izini. Kuɗin digiri na biyu a irin wannan fanni ya haura Yuro 15,000 a shekara, karatun kuma shekara biyu ne. Kafin a ba ki takardar zama, jami'ar ce za ta nema miki ita a hukumar shige da fice, IND, bayan kin nuna kuɗin zama na shekara guda, sama da Yuro dubu ɗaya a kowane wata. Tallafin NL Scholarship Yuro 5,000 ne, kuma sau ɗaya ake bayarwa, a shekarar farko. Sannan duk shekara dole ki ci aƙalla rabin kiredit ɗinki, wato makin da ake tarawa da kowane kwas da aka ci, in ba haka ba jami'a ta sanar da hukuma, takardar zaman ta shiga haɗari. Saboda haka ku zauna da Baba ku yi lissafin shekara biyu cif a takarda. Kada a sayar da fili a kan tsammanin abin da ba ya hannu. Batun ɗaki ma haka, ƙarancin gidaje a nan ya kai jami'o'i da kansu suna ce wa ɗalibai kada su taso sai sun sami wurin kwana.

To, karatun. Wanda na sani ciki da bai shi ne Interaction Technology a Jami'ar Twente da ke Enschede, gabashin ƙasar, dab da iyakar Jamus. Da Turanci ake yi, kiredit 120, kowane kiredit kuma an ƙiyasta shi da awa 28 na aiki. Shekara an raba ta zango huɗu, kowane kamar mako goma, kuma kafin ki farga zangon ya ƙare. Za ki rubuta manhaja, za ki taɓa lantarki, amma rabin abin nazarin ɗan Adam ne: yadda ake yi wa mutane tambayoyi, yadda ake gwada samfuri a hannunsu, yadda ake lissafin sakamakon, da neman izinin kwamitin ɗa'a kafin ki ɗora wa kowa na'ura a jiki ko ki ajiye bayanansa. Idan tufafin ne kaɗai ke ranki, ki duba sashen tsara kayan masana'antu na Jami'ar Fasaha ta Eindhoven, inda suka daɗe suna wannan bincike. Can Pauline van Dongen ta yi digirinta na uku, wadda ta haɗa kai da cibiyar bincike ta Holst suka yi rigar da ke da faifan sola a jiki har take cajin waya. Akwai kuma jami'ar Saxion a nan Enschede, masu koyar da fasahar masaƙa.

Garin ma da kansa garin masaƙa ne. Masana'antun yadi ne suka gina Enschede, da suka fara durƙushewa aka kafa jami'ar a 1961 don yankin ya sami abin dogaro. Ki kuma gaya wa Mama cewa atamfar Holan da take ji da ita daga Helmond take fitowa, kusa da Eindhoven, inda kamfanin Vlisco yake tun 1846.

Aikin rukuni shi ne inda nake so ki buɗe kunne sosai, domin a nan na ga yaranmu masu ƙoƙari sun sha wahala. Kusan kowane kwas sai an haɗa ki da mutum uku ko huɗu ko biyar, wani ya karanci ilimin halayyar ɗan Adam, wani injiniya ne, wata mai zane ce, kuma daga ƙasashe daban-daban. Maki ɗaya za a ba ku a kan abin da kuka gina, wani lokacin kuma a ce kowa ya auna gudummawar ɗan'uwansa. Mutanen nan ba sa kwana-kwana a magana. Yarinya za ta dube ki ta ce shawararki ba za ta yi aiki ba, ta kawo dalili, bayan minti goma ta tambaye ki ko za ki sha shayi. Ba raini ba ne, kuma tana jiran ki mayar mata da naki dalilin. Malami ma da sunansa ake kiransa, a yi masa musu a gaban aji.

Mu kuma an raine mu da kawaici da kunya, tarbiyya ce mai kyau, ban ce ki zubar da ita ba. Sai dai a teburin rukuni, shirunki ana ɗaukarsa ko dai kin yarda, ko ba ki da abin cewa. Na ga ɗalibar da ta fi kowa a rukuninta iya rubuta manhaja, ta yi shiru a zaman farko da ake rabon aiki, aka bar mata rubuta rahoto da gyaran jerin littattafai har zango ya ƙare. Zaman farkon nan shi ne komai. Ki je da abin da za ki faɗa a rubuce idan bakinki na nauyi: ga abin da na iya, ga abin da nake so in koya, ni zan ɗauki wannan ɓangaren. Ki kuma faɗi lokutanki tun ranar. A watan Disamba rana na faɗuwa kafin ƙarfe huɗu da rabi, Azahar da La'asar da Magariba duk suna faɗowa cikin lokacin aiki. Idan kin ce za ki fita minti goma don salla, za su sa a jadawali su wuce, don mutane ne masu girmama abin da aka faɗa musu da wuri. Abin da ba sa yafewa shi ne makara, da alƙawarin da ba a cika ba kuma ba a yi magana ba. Idan wani a rukunin ya kwanta ya bar muku aiki, ki gaya masa ido da ido, in bai gyara ba ku kai wa mai kula da ku tun mako na uku ko na huɗu. Wannan ba gulma ba ce a wurinsu, haka tsarin yake.

Yanzu rigar. A bidiyo tana da kyau, a kan tebur kuwa ga yadda take. Za a ba ki ƙaramin allon lantarki, irin LilyPad Arduino da Leah Buechley ta ƙirƙiro don a riƙa ɗinka shi a jikin yadi, da zare mai ɗaukar lantarki, wanda aka shafe da azurfa ko aka yi da ƙarfe marar tsatsa. Zaren nan ba shi da rufi kamar waya. Idan layi biyu suka taɓa juna lokacin da hannun riga ya lanƙwashe, komai ya tsaya. Yana warwarewa a ƙulli, sai kin ɗiga masa jan farce ko gam. Ki ɗinka taku biyar, ki ɗora mitar gwada lantarki ki ji ta yi ƙara, ki ci gaba. Sensar da ke auna numfashi saƙa ce mai miƙewa, idan ƙirji ya buɗe sai yadda lantarki ke ratsa ta ya canja, manhajarki ta karanta. Ranar farko lambobin za su fito tsaf. Mutum ya sa ta ya yi gumi, ko ta ɗan saki, sai su rikice. Sannan ga wanki. Ko rigar da Google da Levi's suka fitar a 2017 a kan Dala 350, an ce wa masu saye kusan wanki goma za ta jure, kuma a 2023 Google ya rufe manhajarta.

A nan ne iya ɗinkinki zai yi miki rana. Yawancin abokan karatunki ba su taɓa riƙe allura ba. Ba su san inda yadi ke ja ba, ko inda ɗinki ke cin fata, ko inda za a ɓoye batir a cire shi kafin wanki. Ke kin san wannan a hannunki. Ranar gwaji, idan dattijuwa ta sa samfurin ta ce yana sosa mata wuya ba za ta ƙara sawa ba, duk kyawun manhajar ya tashi a banza, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Injiniyan zai ce a ƙara sensa, ke za ki ce a juya ɗinkin waje a sa shafi mai laushi.

Akwai kuma tambayar da ke za ki iya kawowa, wadda ba kasafai nake jin ana yi ba. Kusan duk waɗannan riguna an yi su ne a kan kayan da ke manne wa jiki, domin sensar bugun zuciya sai ta taɓa fata. Mu kuwa suturarmu mai yalwa ce, babbar riga, zane, hijabi, abaya. Ina za a sa sensa a jikin matar da ba za ta sa matsattsun kaya ba? A ɗankwali, ko a bakin hannun riga, ko a ɗamarar zane? Yaya batir da gam za su yi a zafin Sakkwato na watan Afrilu da ke wuce digiri 40, a wanke da hannu a shanya a rana? Wannan ya isa aikin kammala digiri, kuma ina ganin malami mai hankali zai karɓe shi hannu biyu.

Ba zan ɓoye miki ba, aikin da sunansa tufafi masu na'ura kaɗan ne a kasuwa. Mafi yawan waɗanda suka gama suna shiga tsara manhajoji, ko binciken masu amfani da kaya, ko fasahar kiwon lafiya. Bayan kammalawa akwai takardar zama ta shekara guda don neman aiki, kuma jin yaren Holan na buɗe ƙofofi da yawa, don haka ki fara koyonsa tun kin sauka.

Kafin lokacin, kada ki zauna jira. Ki nemi allon Arduino da ƙananan fitilu da sensa ɗaya a wajen masu sayar da kayan lantarki, ki ɗinka wani abu a kan keken Mama, ko da hular da ke haske idan duhu ya yi. Ki ba mutum biyar su sa, ki rubuta abin da suka ce, ki gyara, ki ɗauki hoton kowane mataki har da wanda ya lalace. Shi za ki ba da labarinsa a wasiƙar neman gurbi. Ki yi jarrabawar Turanci ta IELTS da wuri, ki karɓo takardar sakamakonki daga jami'a tun yanzu don kin san tana ɗaukar lokaci, ki kuma gama tura komai kafin watan Mayu ya kama idan Satumba kike so, masu neman tallafi ma tun kafin haka ake rufe musu. Idan kin rubuta wasiƙar ki turo mini in duba. Ki gaida Mama da Baba da kyau, ki ce musu zan kira ranar Juma'a mu yi maganar lissafin tare.