Ƙurar Hunturu a Layin Jirgin Wasa

Tambaya: Malam, ɗana ya aiko mini da jirgin ƙasa na wasa ƙirar LGB daga Jamus, na shimfiɗa layinsa a tsakar gida. Tunda hunturu ya kama, sai ya yi tafiya ya tsaya. Me zan saya na goge layin? Daga wani dattijo, Ƙofar Ƙaura, Katsina.

Amsa: Baba, jirginka lafiyarsa lau. Wuta ta cikin layin nan mai faɗin milimita 45 take bi ta shiga ƙafafun, to ƙura da dusashewar tagullar da aka yi layin da ita ne ke tare ta.

Don Allah kada ka sa samfefa mai kaushi. Tana karce ƙarfen, datti ya samu wurin maƙalewa. Nemi dutsen gogewa na roba da LGB ke yi, ka ɗaure shi a bakin sanda don kada ka yi ta sunkuyo. Bayansa ka bi da tsumma da ɗan sifirit, har ƙafafun jirgin.

Akwai kan jirgi mai goge layi da kansa, amma yana da tsada, sai mai dogon layi. Ni nawa, kullum da yamma tabarma nake rufa masa.