Yana barazanar watsa hoton 'yata, me doka ta ce?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. 'Yata shekararta 14. Wani ya yaudare ta a Instagram da sunan mace, har ta tura masa hoton da bai dace ba. Yanzu ya ce ko ta tura naira dubu 50 ko ya watsa wa 'yan ajinsu. Babanta ya ce a biya, a goge komai, a rufa asiri. Ni hankalina bai kwanta ba.
Wata uwa daga Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah Ya yaye miki wannan damuwa. Kada ku ba shi ko sisi. In kuka biya yau, jibi ma zai dawo, hoton kuma yana nan a hannunsa.

Ki lallashi maigida kada a goge komai. Ku ɗauki hoton saƙonninsa, da sunan da yake amfani da shi, da lambar asusun da ya turo. Asusun banki yana haɗe da BVN, ta nan ake bin sawun irinsu. Amma hoton yarinyar kada a tura wa kowa, ko da ƙanwarki ce.

Sashe na 23 na dokar laifukan intanet ta 2015 ya ɗauki duk wanda bai kai shekara 18 ba a matsayin yaro. Wanda ya yaɗa irin wannan hoto yana fuskantar ɗaurin shekara 10, ko tarar da za ta iya kai naira miliyan 20, ko duka biyun. Ajiye shi kawai a waya ma yana iya jawo shekara 5. Dokar tarayya ce, tana aiki a Zariya kamar yadda take aiki a Legas.

Ku kira NAPTIP, hukumar yaƙi da fataucin mutane, a 627, ko ku je sashen 'yan sanda mai kula da laifukan intanet. Akwai kuma shafin Take It Down, kyauta ne. In an yi amfani da shafin, hoton ba ya barin wayar 'yarki, wata alama kawai ake cirowa daga jikinsa don Facebook da Instagram su gane shi su toshe.

Abin da ya fi damuna ita ce yarinyar. Don Allah kada a doke ta, kada a yi mata gori. A Yulin 2024, kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram, ya sanar da cewa ya rufe shafukan Instagram kusan 63,000 na masu wannan sana'a daga Nijeriya. Ƙwararrun mayaudara ne, manya ma suna faɗawa hannunsu, balle 'yar shekara 14. Yaran da aka bari su kaɗai da wannan tsoro, wasu har sun hallaka kansu. Kwanakin nan ki riƙa kwana ɗaki ɗaya da ita, ki faɗa mata da bakinki cewa ita aka zalunta. Ki sake rubuto mini in ji yadda kuka yi da hukuma.