Tambaya da Amsa: Yadi da Awon Rigar Shat a Wurin Tela

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikacin banki ne a Kano, kuma ƙa'idar wurin aikinmu ita ce a sa shat da wando da taye daga Litinin zuwa Alhamis. Rigar kanti ba ta zauna mini daidai, domin wuyana yana da kauri, hannuna kuma dogo ne: idan wuya ya yi sai jiki ya zama buhu, idan jiki ya yi sai maɓallin sama ya ƙi rufuwa. Na kai wa telan da yake ɗinka mini kaftani yadi, ya ɗinka mini guda uku, amma bayan wanki biyu hannun ya ɗage, kwalar kuma ta yi ƙuraje kamar an watsa mata ruwan zafi. Wane yadi zan saya, kuma me zan gaya wa tela? Daga wani mai karatu a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kuskuren farko ya faru tun kafin almakashi ya taɓa yadin, wato da ka ba da riguna uku a lokaci ɗaya. Ko a shagunan titin Jermyn da ke Landan, inda aka shahara da wannan sana'a, mai ɗinkin kirki yakan fara da riga ɗaya ta gwaji, mai ita ya sa, a wanke, ya dawo a gyara awon, sannan a yanka sauran. Kai ma haka za ka yi: riga ɗaya, wanki biyu ko uku, yini guda cur a ofis da ita, sannan ka koma wurin tela da abin da jikinka ya gaya maka.

Ɗagewar hannun kuwa halin auduga ne. Yadin auduga yakan tsuke da kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari a wankin farko, wani ma ya fi haka, kuma a hannun da tsawonsa ya kai inci 25 wannan ya kai rabin inci ko fiye, wanda ido yana gani. Tun 1930 wani Ba'amurke mai suna Sanford Cluett ya yi rajistar wata dabara ta tsuke yadi a masaƙa kafin a sayar, amma ba kowane yadi da ke kasuwa aka yi wa haka ba, mai shago kuma sau da yawa bai sani ba. Saboda haka ka jiƙa yadin a ruwa, ka wanke, ka shanya, a goge shi, kafin ka miƙa wa tela.

Game da irin yadin, shawarata ga mai zama a garin da zafi yake kai maki 40 a watan Afrilu ita ce auduga zalla mai saƙar foflin. Saƙa ce mai sauƙi, zaren kwance yana bi ta sama da ƙasan zaren tsaye ɗaya bayan ɗaya, don haka yadin yakan fito da santsi, ba nauyi, iska tana ratsa shi, kuma yana karɓar guga. Aibinsa shi ne saurin yamutsewa, kuma farinsa idan ya cika siriri yakan nuna singileti. Akwai tuwil, wanda idan ka ɗaga shi a haske za ka ga siraran layuka a karkace. Ya fi foflin nauyi da sheƙi, ba ya saurin yamutsewa, ya dace da mai yini a ɗakin da na'urar sanyaya iska take aiki, ko lokacin hunturu. Akwai kuma okusfod mai kauri da ɗan kaushi, mai jure wanki, sai dai bai kai sauran biyun kamala a ƙarƙashin kwat ba. Lilin ya fi su duka sanyi, amma kafin ka isa ofis daga gida ya riga ya yamutse, kuma banki ba wurinsa ba ne.

Za ka ji masu sayarwa suna ambaton lambobi, 80, 100, 120, har 200, suna cewa mafi girman lamba ita ce mafi kyau. Lambar tana nuna sirantar zaren ne kawai. A lissafin Ingila, lamba 100 tana nufin ɗauri 100 na zaren, kowanne mai tsawon yadi 840, su ne suke cika nauyin laba ɗaya, saboda haka duk lokacin da lamba ta hau, zare ya ƙara sirancewa. Yadi mai lamba 170 ko 200 yana da laushi ƙwarai, amma ba zai jure hannun mai wanki da guga da dutsen gawayi ba. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Lamba 80 zuwa 120, wadda aka murɗa zare biyu wuri ɗaya kafin saƙa, ita ce ta aikin yau da kullum. Abin da ya fi lambar muhimmanci shi ne tsawon silin audugar kanta, kuma da wannan ne audugar Giza ta Masar da Pima ta Amurka da Peru suka yi suna, domin dogon sili yana ba da zare mai ƙarfi wanda ba ya yin gashi-gashi bayan wanki.

Idan ka shiga Kantin Kwari, kada rubutun bakin yadi ya ishe ka hujja. Ka roƙi ɗan ƙyalle, ka fita waje ka kusanta shi da ashana. Auduga takan ci da wuta kamar takarda, da warin takarda, ta bar toka mai laushi da take murmushewa a yatsa. Foliyesta kuwa, wato yadin roba, narkewa take yi, ta dunƙule ta zama ɗan baƙin ƙwallo mai tauri. Gauraye yakan nuna alamun biyu. Ban hana ka gaurayen ba, yana da arha kuma ba ya wahalar guga, amma ka sani yana riƙe zufa da warinta.

Yanzu ga awo, kuma a nan ne telan kaftani yake yawan tuntuɓe, ba don rashin gwaninta ba, sai don hannunsa ya saba da barin sarari. Kaftani yana yafe kuskuren inci ɗaya ko biyu, shat ba ta yafewa. A auna wuya a ƙasan maƙogwaro, a ƙara kamar rabin inci, yadda idan ka rufe maɓallin sama yatsu biyu za su shiga tsakanin kwala da fata ba tare da taye ya tattare ta ba. Ɗinkin kafaɗa ya tsaya daidai kan ƙashin kafaɗa, kada ya zubo kan damtse. A ƙirji a ƙara inci 4 zuwa 6 a kan awon jiki, kuma gwajinsa shi ne ka zauna a kujera: idan tsakanin maɓallai ya buɗe, rigar ta matse. Hammata ta hau sama, domin idan ta yi ƙasa, duk ɗaga hannun da za ka yi sai rigar ta fice daga wando. Hannu a auna shi da gwiwar hannu a ɗan lanƙwashe, ya sauka har gindin tafi, yadda kimanin rabin inci zai leƙo daga hannun kwat, kuma ɓangaren da kake ɗaura agogo a ƙara masa ɗan faɗi.

Akwai abu biyu da littattafan ɗinki na Turai ba su damu da su ba, mu kuwa sun shafe mu sau da yawa a yini. Na farko alwala: ka ce a tsawaita tsagar hannu a sa mata ƙaramin maɓalli, kuma kada a matse damtse, domin hannun ya naɗu har saman gwiwa ba da kokawa ba. Na biyu ruku'u da sujada: bayan rigar ya sauka ya rufe mazaunai gaba ɗaya, in ba haka ba kana sunkuyawa za ta zare ta bar bayanka a buɗe a cikin sahu. Ka gwada duka biyun a gaban tela ranar karɓar rigar gwaji.

Ƙurajen kwala kuma daga gam suke, wato abin da ake mannawa a cikinta da dutsen guga don ta tsaya. Idan gam ɗin mai arha ne, ko zafin da aka manna shi da shi bai isa ba, ko yadin ya tsuke shi bai tsuke ba, sai ya saki a wurare. Ka nemi a sa gam na ƙyalle maimakon mai kama da takarda, kuma ka nemi telan ya nuna maka kwalar wata riga da ya ɗinka wadda ta sha wanki. Idan ba shi da ita, ka bar masa kaftaninka, ka nemi wanda shat da kwat ne aikinsa.

Tambaya: Maigidana yana aiki a Abuja, ina so in ɗinka masa shat kafin ya dawo hutu. Zan iya kai tsohuwar rigarsa a matsayin awo, kuma yadi nawa zan saya? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Za ki iya, Hajiya, muddin rigar ita ce wadda ya fi jin daɗinta yanzu, ba wadda ya ajiye tun kafin ya yi ƙiba ba. Ki gaya wa tela cewa tsohuwar ta riga ta gama tsukewa, don haka sabon yadin ma a wanke shi kafin a yanka. Idan faɗin yadin inci 58 zuwa 60 ne, yadi biyu zuwa biyu da rabi sun isa riga mai dogon hannu. Idan mai faɗin inci 45 ne, ki sayi uku. Mai layi-layi ko mai gida-gida yana buƙatar ƙarin kamar rabin yadi domin a daidaita zanen a kafaɗa da aljihu. Tun da ba ya nan balle a gwada, ki fara da guda ɗaya, fara ko mai ruwan sararin samaniya, sauran yadin ya jira shi ya dawo.