Kafin ka cika jakarka da littattafan da'awa

Ƙanena, assalamu alaikum. Ya shirye-shirye, ya jama'ar gida?

Saƙonka na murya ya same ni ina cikin bas zan koma gida, minti goma sha ɗaya cur, sai da na saurare shi sau biyu. Na yi murna da bizarka ta fito, Allah Ya sa albarka a karatun. Tambaya biyu na tsinta a ciki. Ta farko, ko ka cika rabin jakarka da ƙananan littattafan kiran addini na Turanci, tunda ka ce ba ka so ka shekara a Ingila ka dawo ba ka shiryar da ko mutum ɗaya ba. Ta biyu ita ce wadda ka faɗa can ƙarshe da murya ƙasa-ƙasa: ko mutanen nan za su tsane ka saboda gemunka da ɗangalallen wandonka.

Bari in fara maka da labarin banɗaki, kada ka yi dariya.

Shekarar da na zo Liverpool ina ɗalibi, na samu aiki a wani katafaren ɗakin ajiyar kaya, awa 20 a mako, iyakar abin da bizar ɗalibi ta yarda da shi lokacin karatu. Watan Disamba ne. A nan rana ba ta fitowa sai bayan ƙarfe 8, kuma kafin ƙarfe 4 na yamma ta faɗi, wato Azahar da La'asar da Magariba duk a bakin aiki suke riskar ka. Mu huɗu ne Musulmi, ni da wani ɗan Sudan da 'yan Pakistan biyu. Babu buta, babu famfon ƙasa, sai mu ɗaga ƙafa mu ɗora a wurin wanke hannu, mu yi alwalarmu, mu fita. Wata rana muka tarar an manna takarda a ƙofa cewa an hana wanke ƙafa a wurin. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce wa 'yan'uwan ga ƙiyayyar da ake ba mu labari ta fara, har na soma rubuta takardar koke a wayata.

Kwana biyu bayan nan na shiga da wuri, sai na iske matar da ke share wurin, dattijuwa ce da ta kusa sa'ar Inna, ta durƙusa da tsumma tana tsane ruwan da ɗaya daga cikinmu ya bari. Ruwa a ƙasa, ruwa a madubi, tishu a jiƙe a ko'ina. Ta ɗago ta dube ni, ba faɗa ba zagi, ta ce: "Ku in kun yi addu'a, ni ce gwiwata ke ciwo." Ashe a makon da ya wuce santsi ya kwashe ta a wurin. Matar nan ba ta taɓa buɗe Alƙur'ani ba, ba ta san me ake kira alwala ba. Abin da ta sani game da Musulunci shi ne duk lokacin da mutanen nan suka tashi bautar Ubangijinsu, aikinta yana ƙaruwa. Mu da muke haddace da cewa tsarki rabin imani ne. Kunya ta rufe ni, na goge koken da na fara. Daga ranar nake alwala tun daga gida in sa safa mai kauri in riƙa shafa a kai, in kuma dole ta kama na taɓa ruwa, ba na fita sai na goge wurin ƙal. Kafin bazara, ita da kanta take buɗe mana wani ɗan ɗaki mai ɗumi ta ce mu yi sallarmu a ciki, ta fi mu sanin lokacin La'asar.

To ka ga inda littattafanka za su tsaya. Na san irin shirin da ka yi, ka kalli muhawarorin marigayi Ahmed Deedat har ka haddace ayoyin Baibul. Amma wanda za ka yi muhawarar da shi ba ya nan yadda kake zato. A ƙidayar 2021, masu cewa su Kiristoci ne a Ingila da Wales sun koma kashi 46 cikin 100, karon farko da suka gaza rabi, sama da kashi 37 kuma suka ce ba su da addini kwata-kwata. Musulmi kashi 6.5 ne, wajen mutum miliyan 3.9. Abokin karatunka mai yiwuwa rabonsa da coci tun bikin auren yayarsa. A al'adarsu ma tambayar mutum addininsa kamar tambayarsa albashinsa ne. In ka miƙa masa littafi zai karɓa da murmushi ya yi godiya, don sun iya ladabin baki, daga nan kuma sai ka ga ya daina zama kusa da kai a aji. Amma fa yana kallon ka. Yana lura ko ka kawo naka kason na aikin rukuni a ranar da aka yanke, ko ka wanke tukunyar da ka dafa taliya a kicin ɗin da kuke tarayya, ko kana waya da ƙarfi ƙarfe biyun dare kamar kana tsakar gidanmu.

Akwai kalmar da muka ɓata da hannunmu, ina so ka kiyaye ta. Wani shugabana a wurin aiki ya taɓa tambayata ko zan iya zuwa ranar Asabar, na ce in sha Allahu. Sai ya yi murmushi ya ce, "Wanne daga ciki, na gasken ko ɗayan?" Mutumin nan bai san Larabci ba, amma zama da Musulmi ya koya masa cewa in sha Allahu wata hanya ce ta cewa a'a ba tare da an ce a'a ba. Wallahi maganar ta fi zagi ciwo. Mun ɗauki sunan Allah mun mai da shi mafakar saɓa alkawari, har wanda ba ya salla ya gane. In ba za ka iya ba, ka ce ba za ka iya ba. In ka ce ƙarfe 9, to ƙarfe 9 ɗin agogo ne, ba na ɗaurin aure ba.

Haka maganar kuɗi. Za ka haɗu da 'yan'uwa, wasu da tabon salla a goshi, su nuna maka yadda ake wuce awa 20 a karɓi kuɗi a hannu, ko a yi aikin kai abinci da rajistar wani. Za su ce ai dukiyar kafiri ce. Ka tuna ka sa hannu a sharuɗɗan biza, alkawari ne ka ɗauka, kuma ranar da aka kama mutum ba sunansa kaɗai ake ambata ba. Wake ɗaya ke ɓata gari. Ranar Juma'a kuma ka je ka ga yadda wasu ke ajiye mota a ƙofar gidan mutane su toshe musu hanya don kada raka'a ta wuce su. Liman ya gaji da sanarwa. Duk huɗubar da ake yi a ciki kan haƙƙin maƙwabci, maƙwabcin yana waje yana buga ham.

In ka iso zan kai ka Brougham Terrace ka ga masallacin Abdullah Quilliam. Lauya ne ɗan garin nan, ya musulunta a 1887 bayan ya je Maroko, ya buɗe masallacin ranar Kirsimeti ta 1889. Da farko jifansu ake yi da duwatsu. Abin da ya yi shi ne ciyar da talakawan gari ranar Kirsimeti, ya kuma buɗe gidan marayu, a hankali ɗaruruwan Turawa suka musulunta ta hannunsa. Har ƙasarmu ya taka, shi ne ya wakilci Sarkin Musulmin Turkiyya a buɗe masallacin Shitta-Bey a Legas a 1894. Kai da kake son ƙwallo kuma ka san Mohamed Salah ya zo Liverpool a 2017. Wasu masu bincike na jami'ar Stanford sun lissafa cewa bayan zuwansa laifuffukan ƙiyayya a yankin Merseyside, inda Liverpool take, sun ragu da kusan kashi 16 cikin 100, rubuce-rubucen ɓatanci ga Musulmi daga magoya bayan ƙungiyar a Twitter kuma suka ragu da kusan rabi. Bai taɓa hawa mumbari ba, sujada kawai yake yi in ya ci ƙwallo. Ni dai wanda ya fi burge ni shi ne Sadio Mané, da aka ɗauki bidiyonsa a 2018 yana taya wanke banɗakin wani masallaci a garin nan. Ka ga mun sake dawowa banɗaki.

Ko da yake ba sai mun je nesa ba. Fataken goro da suka bi hanyar Gwanja har Salaga, da waɗanda suka kafa zango a Kumasi, ba da lasifika suka tafi ba. An ga mudunsu cikakke ne, an ba su ajiya an same ta yadda aka bari, sannan aka tambaye su wa suke bauta wa.

Yanzu tambayarka ta biyu, kuma ba zan shafa maka zuma a baki ba. E, akwai masu ƙin mu, kuma kyawun halinka ba zai sauya dukkansu ba. A ƙarshen Yulin 2024 wani matashi ya kashe yara mata uku a Southport, tafiyar ƙasa da awa ɗaya daga nan a jirgin ƙasa. Kafin a ce kwabo an baza ƙarya a intanet cewa Musulmi ne ɗan gudun hijira da ya shigo ta teku, alhali a Cardiff, nan cikin Birtaniya, aka haife shi. Washegari aka far wa masallacin garin da bulo da kwalabe. Tarzoma ta bazu, har aka cinna wa wani ɗakin karatu wuta a unguwar Walton a nan Liverpool. Kwana huɗu matata ba ta leƙa waje ba. Mata masu hijabi su suka fi shan wannan wahala kullum, don su ake fara ganewa. Amma gari na wayewa a Southport, mutanen unguwa, waɗanda ba Musulmi ba, suka fito da tsintsiya da siminti suka sake gina katangar masallacin. A masallacin Quilliam kuma, da masu zanga-zanga suka taru a tsallaken titi, limamin, Adam Kelwick, ya jira hankali ya ɗan kwanta, ya tsallaka musu da abinci a hannu, aka tsaya ana magana har da rungumar juna.

Ni nawa ɗan ƙaramin labarin ya faru ne a ƙofar gida. Maƙwabcina tsoho ne, matarsa ta rasu, daga shi sai karensa. Shekarar farko ko gaisuwata da ƙyar yake amsawa. Na lura ƙafarsa na ba shi wahala, sai na riƙa jawo masa kwandon shararsa zuwa bakin titi ranar da motar shara ke zuwa, irin shunayyar robar nan mai taya da aka san Liverpool da ita, in mayar masa in an kwashe. Minti ɗaya ne. Da Salla matata ta aika masa da cincin da dambun nama, da Kirsimeti ya turo mana kati ta ƙarƙashin ƙofa. Sai da muka shekara huɗu kafin ya yi mini tambayar addini ta farko, ita ma a kan azumi ce, wai da gaske ko ruwa ba ma sha? A makon tarzomar nan da daddare muka ji ana ƙwanƙwasa ƙofa, gabana ya faɗi. Na leƙa, sai ga tsohon da sandarsa da karensa. Ya ce in uwargida na bukatar wani abu a kanti, shi zai raka ta, ya ga wanda zai yi mata magana. Mutumin da ko gudu ba zai iya ba. Bai musulunta ba, kada ka ƙosa ka tambaya, har gobe yana shan giyarsa. Shiriya ba a hannuna take ba, ni dai Jibrilu bai ce maƙwabci Musulmi kaɗai ba lokacin da yake ta yi wa Annabi (SAW) wasiyya.

Sai dai kada ka fahimce ni a karkace ka zama mai neman yardar kowa. Na ga waɗanda don kada a ce musu masu tsauri suka bi abokai mashaya, daga lemo aka wuce gaba. Bature ya fi girmama wanda ya ce masa kai tsaye "ba na sha, addinina ya hana" a kan mai kame-kame. Haka gaisawa da mata: in ba ka miƙa hannu, ka ɗora shi a ƙirji da sakin fuska ka faɗi dalili a taƙaice, kada ka bar hannun baiwar Allah a iska kana kallon ƙasa kamar ta zo da cuta. Gemunka ka bar abinka, ka dai riƙa gyara shi. Wanda kuma ya zage ka ko ya tsorata ka saboda addini, doka ta hana, ka kai ƙara wurin 'yan sanda ko hukumar makaranta. Haƙuri daban, zama bola daban. Kuma kada ka yi alherin da idonka a kan sakamako, kana ƙirga ko yau zai yi kalmar shahada. Suna ganewa, kamar yadda kai ma kake gane mai tallan da ke yi maka fara'ar ciniki.

Littattafan ka ɗauko biyu ko uku, don ranar da wani ya tambaye ka da kansa. Masallatan nan ma suna raba su kyauta. Sauran wurin ka zuba kuka da kuɓewa busasshiya da yajin Inna. Kilishi kada ka soma, an hana shigowa da nama daga ƙasashenmu, a filin jirgi za su ƙwace. Rigar sanyi ka bari sai ka zo, ta Kantin Kwari ba za ta yi maka komai a iskar bakin tekun nan ba. Safa mai kauri dai ka sayi ƙafa shida.

Ka turo mini ranar tashi da lambar jirgin, zan zo Manchester in ɗauke ka, in sha Allahu na gasken. Ka gaida Inna, ka ce mata maganin gwiwarta yana hannun mai zuwa ƙarshen wata.